Na'urar da na hana ciniki ranar Juma'a

Shekarun baya na tafka wata wauta, kuma gara ku ji ta daga bakina kafin mai ɗakina ta ba ku ita da ƙari. Ni ne wawan labarin, ba ni da mataimaki.

Na daɗe ina canjin naira da sefa a bakin iyaka, nan Magama, har gwiwoyina suka ce sun yi ritaya. Sai ɗiyata, wadda ta karanta kwamfuta a Katsina, ta zo mini da wata 'yar na'ura kamar kwalin sabulu, wai sunanta nod. Ta jona ta da batirin sola da intanet, ta yi kwana uku tana danne-danne, sannan ta buɗe mini hanya da wani ɗan kasuwa na Maraɗi.

Ta ce, "Baba, kamar kwalbati ce. Kuɗin kirifto na mutane za su riƙa bi ta ciki daga nan zuwa can, kai kuma ana sakar maka 'yar la'ada. Sharaɗi guda: kada a kashe ta."

Na ce ni da na yi aji huɗu a firamare za a maimaita wa sharaɗi?

Juma'ar farko ladan ya yi kira, na zura babbar riga, sai na ga fitilar nod tana ƙiftawa. Na tsaya na yi nazari irin na manya. Kowa ya san in an kira Juma'a an bar saye da sayarwa. To ga abu cikin ɗakina, da sunana, yana karɓar la'ada liman na bisa mumbari. Na ce ba da ni ba. Na zare waya, na kifa mata faifai.

Juma'a uku na yi haka lafiya lau, da an sauko in dawo in jona ta, har ina yi wa 'yan majalisarmu gori cewa na'urata ma ta fi su tsoron Allah.

A ta huɗu, daga masallaci na zarce ɗaurin aure garin Daddara, wayata kuma na cikin aljihun wata riga a gida. Ashe abokina mai kayan gwari, wanda ni na zuga shi ya bar yawo da kuɗi a buhu ya riƙa biya ta nod ɗina, ya sayo tumatir mota guda daga ƙetare. Direba ya iso shingen bakin iyaka, ya ce maigidansa bai ga kuɗi ba, don haka kamyo, wato babbar motar, ba ta gusawa. Kuɗi kuwa ba su da ta bi, hanyarsu na ƙarƙashin faifai.

La'asar sakaliya na iske shi ƙofar gidana, hula a hannu.

"Alhaji, ina kwalbatin taka?"

"Tana hutun Juma'a."

"Shi tumatirina hutun mi yake cikin rana tun azahar? Je ka shinge ka gani, miya ke ɗiga ƙarƙashin mota!"

Na ruga na jona. Ashe ba kamar kunna fitila ba ne, sai ta bi duk abin da ya wuce a bayanta ta karance tukuna. Muka zauna muna kallonta kamar masu jinya. Na kira ɗiyata, ta ce, "Baba, wa ya kashe ta?" Na ce yanzu ba lokacin tone-tone ba ne.

Gab da magariba kuɗin suka wuce. Kwandunan ƙasa duk sun faffashe, ni na biya na kwashe su don a shirya. Mun shirya ɗin, amma har yau in ya hango ni sai ya ce, "Ga limamin na'ura nan."

Abin da na koya shi ne aji huɗu ba ya ba da fatawa. Da na kai wa limaminmu maganar, cewa ya yi da na zo tun farko da tumatir bai yi shahada ba.

Washegari mai ɗakina na tsakar gida tana yanka tumatirin da na kwashe don shanya, ni kuma ina neman wanke kaina. Na ce, "Ke ba za ki gane ba, taƙawa ce. Duk abin da zai samo mini lokacin huɗuba ba ni so."

Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "To, Alhaji, kajinka ma suna yin ƙwai lokacin huɗuba. Ban taɓa ganin ka toshe su ba, cewa kake a soya."