Abu Sajjad, Wanda Ya Ƙi Sauke Ƙofa

Kafin ya ɗauki fasinja a bakin kogin Basra, sai Abu Sajjad ya zagaye kwalekwalensa mai inji, ya ƙwanƙwasa katako, ya leƙa ƙarƙashin benci. Ko shayin Ubaid ba ya kurɓa sai ya ɗaga kofin ya duba.

"Abu Sajjad, guba na zuba maka ne?" in ji mai shayin.

"Mai zubawa ai ba ya shela."

A makon nan Abu Sajjad ya miƙa wa ɗansa jirgin, gwiwa ta ƙi. Lokaci ya yi da za a faɗi a fili abin da aka daɗe ana raɗawa a bayansa.

Sojan ruwa ne a zamanin yaƙi. Ya fara a babban jirgin yaƙi yana ɗura wa igwa harsashi, daga baya aka ba shi tuƙin jirgin sauke dakaru, mai ƙofa a goshi, wanda ke dafa gaɓa sojoji su fita da gudu. Wata safiya aka tura jirage biyu wani tsibiri, har da nasa. Da suka matso ya ga gaɓar tsit, ba harbi, ba motsi. Hankalinsa ya ƙi kwanciya, ya rage wuta.

Hafsan da ke tare da su ya ɗora masa bindiga a ƙeya. "Matsa ka sauke ƙofa!"

"Ranka ya daɗe, harbe ni ka sauke da kanka. Wannan shirun ba na lafiya ba ne."

Abu Sajjad ya juya kan jirgi. Ɗayan kuwa ya isa, ya sauke ƙofa, gaɓar ta tashi da su. Ashe nakiyoyi ne binne a yashi.

Ba wanda ya ce masa sannu. Tambaya ɗaya aka yi ta yi masa a tsare: wa ya gaya maka? Aka tuɓe masa kaki. A unguwa wasu suka ce matsoraci ne, wasu suka ce da abokan gaba yake. Akwai masu gwammace su tsaya a rana su jira wani jirgi da su hau nasa. Shi ma ya daina yarda da kowa.

Bara wani dattijo mai sanda ya zo rumfar Ubaid yana cigiyarsa. Abu Sajjad ya mayar da bayansa jikin bango, ya ƙare masa kallo.

"Wa ya aiko ka?"

"Babu. Na'im ne sunana, daga Amara. Ni ne na jikin ƙofar ran nan. Da ka sauke, ni ne na farko."

Ubaid dai bai haƙura ba. "To amma Alhaji, ya aka yi ya sani?"

"Ni ma na yi shekaru ina zarginsa," in ji Na'im. "Na aurar da 'ya'yana ina zarginsa. Na gaji, na zo in yi godiya."

Abu Sajjad ya kalli ruwa. "Ban sani ba," ya ce. "Wallahi da na sani, da na yi wa ɗaya jirgin ihu."

Kai ne ka ɗauki baƙin suna, Abu Sajjad, mutane suka koma wa iyayensu da ƙafafunsu. Gwanki sha bara! Ka ƙetare da mu kogin nan, masu gaishe ka da masu hararar ka, ba ka taɓa jiƙa wa kowa riga ba. Har yau akwai masu taɓe baki, mun sani. Mu dai mun gode, Allah Ya saka.

Duk wanda aka damƙa wa rayukan mutane, ya koyi tsayawa irin taka, ko da ba za a taɓa wanke shi ba.