Dubiya a Hanyar Gona

Shekarar da ciwon ya kama ni, mutuwa ba ta dame ni kamar yadda mutane suka zata ba. Abin da ya ci mini rai shi ne in tsuguna a bayan gida in kasa tashi. Ni da nake saɓa buhun gyaɗa daga gona har bakin titi ban sauke ba, sai ga matata tsaye a bayan katangar masai tana jiran in yi gyaran murya, ta shigo ta kama hammatata ta ɗaga ni. Tana kau da kai, ni ma ina kau da kai. Ba mu taɓa yin zancen ba. Da wannan nake fara kowace safiya, don haka duk wanda ya zo mini da wa'azin haƙuri bayan nan, ji nake kamar in jefe shi da buta.

Sankarar jini suka ce a babban asibiti a Kano. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare a Gaya ba, mahaifina ya rasu na dawo ƙauyenmu kusa da Kademi na kama fartanya, saboda haka rabin bayanin likita na kama. Abin da na gane shi ne za a riƙa ɗura mini magani ta jijiya, in koma gida in huta, in dawo a sake. Maganin kuwa ni ya fara kayarwa kafin ya kai ga ciwon. Gashi ya zube, tuwo ya koma kamar ƙasa a baki, cinyoyina suka tsotse kamar karan dawa.

A wani zuwa ina kwance ana ɗura mini ruwan, sai wata malamar asibiti ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Tana cikin masu koya wa marasa lafiya motsa jiki. Ta kira ni Baba, ni da ban kai hamsin ba, wannan ma ya ɓata mini rai. Ta ce bincike suke yi, suna so su san yadda masu irin ciwonmu suke ji idan suna motsa jiki alhali ana tsakiyar magani. Ba dole ba ne, in na ƙi babu abin da zai taɓa maganina.

Na ce, “Malama, mutum ana ƙara masa jinin wani, ki ce ya yi atisaye? Soja za ku ɗauke ni?”

Ta yi dariya, ta ce ba gudu ba ne. Sai ta tambaye ni wane abu ɗaya nake so in koma yi da kaina. Na duba gadon dama, na duba na hagu, na rage murya na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini fuskar tausayi ba, wadda na fi tsana. Ta ce, “To da shi za mu fara.” Saboda wannan maganar kaɗai na yarda.

Aikin ba shi da yawa a baki. Da safe in taka a hankali, har numfashi ya ɗan yi nauyi amma ina iya magana. A gida in kifa turmi in zauna a kai, in tashi, in zauna, in tashi. In turmi ya yi sauƙi in koma kujera 'yar tsuguno. Ranar da nake zazzaɓi, ko gwaji ya nuna jini ya yi ƙasa, kada in yi komai. Za ta riƙa kirana a waya. Likita kuma ya riga ya gargaɗe ni cewa garkuwar jikina ta yi rauni, in guji ɗaki cike da mutane, in rage musabaha.

Duk wannan a Kano aka tsara shi. A garinmu mara lafiya kwanciya yake yi. Aikinsa ke nan, ya kwanta a zo a duba shi a samu lada. Tun hantsi ake sallama. A cika ɗaki, a rufe ƙofa da takalma, kowa sai ya kama hannunka ya jijjiga, wani yana tari, wani yana ba ka labarin surukinsa da ya yi irin wannan ramar bai kai kaka ba. Wasu kuma na san gonata suka zo aunawa da ido, don tambayarsu ba ta wuce wa zai nome mini bana.

Matata ce ta shiga tsaka mai wuya. Ranar farko da na fara aikin turmi, na tashi da ƙyar ina riƙe da turken rumfa, sai muka ji sallama. Ta taho da gudu har zani yana harɗe ta.

“Malam, don Allah kwanta. Mutane sun taso tun daga Balan, su same ka kana wasa da turmi? Cewa za a yi ƙarya muke.”

Na kwanta. Ta lulluɓa mini bargo cikin wannan zafin, na ƙanƙance murya ina amsa sannu. Kafin su tafi rana ta take, babu batun tafiya. Haka aka yi ta yi. Da malamar ta kira na ce mata bincikenta ya mutu a hannun masu dubiya. Ta ce ita ba za ta iya korar mini baƙi daga Kano ba, ni na san mutanena.

Wanda ya warware abin bai san ya warware ba. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, dillalin hatsi a kasuwar Ajingi. A al'ada bawana ne, kuma tun muna yara ban taɓa bari ya manta ba. Mutum ne mai tumbi, daga shago zuwa masallaci ma babur yake hawa. Wata safiya na lallaɓa na fito ƙofar gida da sandata da takunkumi a hanci, sai ga shi ya tsaya da babur, kankana ɗaure a baya.

“A'a, gawar ce da kanta take yawo? Ni da na zo in ga abin da ka bar mini.”

Na ce, “Bawa ba ya gado. Ajiye kankanar ka biyo ni. Yau dubiya a tafe ake yi.”

Ya zaci wasa ne. Na kama hanyar gona, ya biyo ni yana surutu, babbar riga tana jan ƙasa. Tafiyata a lokacin ta hawainiya ce, amma kafin mu wuce rijiyar burtsatse ya fara haki. Matan da ke ɗiban ruwa suka gaishe shi da jiki, shi, ba ni ba. Da muka kai gindin ɗorawar da ke bakin gonata ya zube a ƙasa ya cire hula yana fifita. Ni na jingina da itacen, don na san in na zauna sai an ɗauko matata. Da lokacin komawa ya yi ya yunƙura, tumbi ya mayar da shi. Ya sake, ya koma. Ya miƙo mini hannu.

Na ce, “Ni? In na ja ka mu biyu za a kwasa.”

Dariya ta kama ni har haƙarƙarina ya yi ciwo. Rabona da irinta tun kafin asibiti. Wani Bafulatani da ke wucewa da shanu ne ya zo ya ciccibe shi, yana tambaya ko shi ne mara lafiyar da ake faɗa.

Ranar kasuwa taubashina ya baza labari a Ajingi cewa duk mai zuwa duba ni ya sa takalmin kirki, don na haukace ina kora mutane daji. Na ɗauka za a daina zuwa. Wasu sun daina, kuma ban yi kewarsu ba, masu auna gona ne. Sauran sai suka fara zuwa da sassafe don kada in tafi in bar su. Wani ya kai ƙara wajen liman, liman ya ce bai ga inda aka ce ladan dubiya sai a zaune ba, washegari ma shi da kansa ya biyo mu da ciwon gwiwarsa.

Abin da na lura, a kan hanya ba wanda yake zancen matattu. Ido yana kan shuka, sai a shiga gardamar taki, da gonar wa ƙuduji ya cinye, da wanda ya yi sammakon shuka ruwa ya yaudare shi. Hannuna ɗaya na kan sanda, iska tana kaɗawa, ba mai damuwa da musabaha. A cikin gida kuma matan da suka zo wajen matata suka mai da turmina abin gasa. Ina dawowa in ji shewa, wata tsohuwa ta zauna ta kasa tashi. Matata da ke lulluɓe ni da bargo ita ce yanzu take cewa baƙi, “Yana hanyar gona, in kun yi sauri za ku cim masa.”

Ba a tafi haka sumul ba. Wani zagayen maganin ya kwantar da ni, zazzaɓi ya rufe ni, aka riƙe ni a asibiti aka ƙara mini jini. Na dawo gida ƙafafu kamar ba nawa ba, ɗan abin da na tara duk ya zube. Da malamar ta kira na zazzage mata. Na ce sun sa ni wahalar banza, su da ke zaune a ofis da fanka. Ta bari na gama, ta ce wannan ma suna so su ji, kada in rage komai. Sannan ta ce in zazzaɓin ya sauka, likita ya yarda, in koma kan turmi daga farko.

A kwanakin nan taubashina bai shigo ɗaki ba, an gaya masa dalili. Sai ya zo ya ajiye babur, ya tafi gindin ɗorawa shi kaɗai, ya dawo ya tsaya a bakin taga yana zagina. Wai na cuce shi, wandunansa duk sun yi masa yawa, matarsa tana zargin ko wani abu yake ɓoye mata. Wai in tashi in biya shi tumbinsa. Ina kwance ina jin haushin duniya, amma sai na tsinci kaina ina shirya amsar da zan ba shi gobe.

Na koma turmi. Daga turmi na sauko kujera 'yar tsuguno, ranar farko na yi zaman dirshan a ƙasa, akuya tana kallona. Na ci gaba. Daga baya, da malamar ta zauna da mu da ke cikin binciken ɗaya bayan ɗaya tana naɗar muryarmu, zancen dubiyar nan ta fi tambayata, har ta ce in maimaita wurin Bafulatanin. Ciwon kuwa ba a ce mini ya tafi ba. Har yau ina hawa motar Kano ana ɗibar jinina, kuma har yau direbobin Gaya ba su san ana rage gudu a kan rami ba.

Ranar da abin ya faru ba ta da wata alama. Gyaɗa ta fara nuna, an yi yayyafi da asuba. Na shiga bayan gida kamar kullum, matata ta tsaya a inda take tsayawa. Da na gama sai na dafa gwiwoyina maimakon in yi gyaran murya. Na ce bismilla a zuci. Cinyoyin suka yi kamar za su ƙi, sai na ji ni a tsaye. Na daɗe a wurin ina kallon katanga, ban taɓa ta ba.

Na ɗaura wandona na fito. Tana tsaye ta ba ƙofa baya, kanta a sunkuye, tana jiran kira. Na wuce ta gabanta da buta a hannu kamar wani hakimi. Ta dube ni, ta leƙa ƙofar masai, ta sake dubana. Ta kai bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin duka ne.

Na ce, “Ke, me kike jira a nan? Ba ki da aiki ne?”

Ta share ido ta ce, “Ina da shi, Malam. Kuma daga yau ka miƙo mini turmina, daka zan yi.”