Kofin da Baffa Ya Miƙa a Tashar Birnin Kudu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da yayana Sale daga gidanmu na Birnin Kudu zuwa makwancinsa. Duk wanda ya bi ta tashar motar garin a farkon samun Jihar Jigawa ya san teburinsa ko bai san sunansa ba: Sale mai shayi, dogon nan mai rediyo rataye a jikin ƙusa. Kowace shekara idan watan rasuwarsa ya kama, nakan ji ƙirjina ya yi nauyi. Bana ban ji haka ba, shi ya sa na ce bari in faɗa wa jama'a dalili.

Ni ƙanwarsa ce, Asabe. Tun da mijina ya rasu a gidan Sale nake zaune, kuma teburin nasa a jikin katangarmu yake. Ni ba mai fita ba ce, karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba, amma duk abin da aka faɗa a kan bencin nan sai ya tsallako katanga ya same ni ina wanke kofuna.

A shekarun nan ma'aikata suka riƙa kwararowa daga Kano da katifu da kujeru a bayan mota, waɗanda ba su sami ɗaki a Dutse ba suka kama haya a garinmu. Da safe kowa sai ya bi ta wurin Sale. Shi kuwa yana shiƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, yana ba su labarin da ya tsinto a rediyo. Ya ce ganyen nan daga ƙasar Sin ya taso, Turawan Ingila suka ɗanɗana suka kasa haƙura, har suka mai da gonakin Indiya na shayi. Ya ce akwai mutanen da aka ɗora wa harajin ganyen shayi a Amurka, suka fusata suka zubar da akwatunansa a teku, daga nan rigimar ta girma har suka sami ƙasarsu. Ya ce gahawa masu zikiri ne a ƙasashen Larabawa suka riƙe ta don kada barci ya sace su. In ya zo kan sukari sai muryarsa ta yi ƙasa, ya ce saboda zaƙin nan aka kwashi baƙar fata a jiragen ruwa aka kai su noman rake. Wani direba yakan ce, “To Sale, Jigawa ma kai ka ƙirƙiro ta ke nan?” Sai ya ce, “A kan bencin nan aka fara zancenta, tambayi kowa.”

Sale ya yarda da shayi yadda wasu suke yarda da maganin gargajiya. A wurinsa babu ɓacin ran da kofi ɗaya ba zai wanke ba. Wannan yardar ce ta jawo mana abin da muka daɗe muna ɗauke da shi.

Mu asalinmu mutanen Zandam ne, ta ƙasar Gwaram. A can fura ce abin tarar baƙo. A dama ta a ƙwarya ɗaya, a sa ludayi ɗaya, babba ya sha ya miƙa wa na kusa da shi, haka har ta zagayo. Wanda ya riƙe ludayi ya ƙi miƙawa, to ba a yi masa tarbiyya ba. Da mahaifinmu ya rasu, ƙanensa Baffa Haruna ne ya zama uba a gare mu.

Da aka haifa wa Sale ɗansa na fari, Nasiru, sai Baffa ya taso tun daga Zandam ana gobe suna, da rago a bayan akori-kura. Bai san gidan ba, aka nuna masa teburin. Sale don murna bai ko tuna ya kai shi zaure ba. Ya share masa wuri a tsakiyar direbobi, ya yi masa haɗin kauri, madara har tana danƙo, ya ajiye masa a gaba. Baffa bai taɓa cin komai a kasuwa ba, amma don kada ya kunyata ɗansa ya ɗauka, ya yi bisimilla, ya kurɓa sau ɗaya, sannan ya miƙa wa direban da ke gefensa da hannu biyu.

Ina jin lokacin da bencin ya fashe da dariya. Direban ya ce, “A'a Baba, nan kowa da nasa ne, ba gayya aka yi ba!” Wani ya ce a kawo wa tsoho ludayi. A cikin muryoyin nan na tsinci ta Sale, shi ma yana dariya. Ba da mugunta ya yi ba, na san dariyarsa. Amma Baffa ya ajiye kofin, ya ɗaure ragon a ƙofar gidanmu, ya bi motar da ta kawo shi. Washegari aka raɗa suna babu kowa daga Zandam.

Bayan kwana biyu Sale ya tafi ba da haƙuri. Na ce masa ya kai goro, ya tafi da wani dattijo. Me kuke tsammani ya ɗauka? Kwalin ganyen shayi, da sukari, da gwangwanin madara. A ransa ya kai mafi darajar abin da yake da shi. A idon Baffa kuwa an biyo shi har gida da abin da aka yi masa dariya a kai. Ya sa aka mayar masa da kayan a bakin zaure. Daga nan hanya ta toshe. Babu zagi, babu kai ƙara, kawai ba a zuwa. Da Sale ya kwanta ciwon ajali a babban asibitin garinmu, ya riƙe hannuna ya ce, “Asabe, yaran nan ba su san kowa nasu ba.” Ranar jana'iza 'yan Zandam sun zo, suka yi salla, suka juya daga maƙabarta. Baffa ya aiko da gaisuwa.

Wannan maganar ta Sale ce nake kwana da ita shekara da shekaru. Nasiru da ƙanwarsa Hafsatu suna girma a gabana, idan sa'o'insu suka ce za su ƙauye yin salla, su ba su da ƙauyen zuwa.

Sau da yawa nakan ce da Sale zai leƙo yanzu, me zai ce? Teburin shayi ya kai har Maruta da ƙauyukan bayanta, ana haɗawa da taliyar leda da ƙwai. Samari 'yan acaɓa suna ɗaɗɗakar wani lemon gwangwani wai mai ƙara ƙarfi. Zoɓo ya shiga gora, kunun aya ya shiga firji. Furar ma yanzu inji ke dama ta, a ɗura a roba, kowa ya riƙe tasa yana tafiya yana sha. Ina jin da Sale ya yi ta surutu a kai har ruwansa ya ƙone. Ban dai sani ba ko zai yi murna. Shi zaman bencin yake so, a yi musu a yi dariya. Yanzu mutum yana sha idonsa na kan waya.

Bara Nasiru ya ga yarinya a Gwaram. Iyayenta mutanen kirki ne, suka ce ya turo magabatansa. Ya tura abokan mahaifinsa na tasha. Mahaifin yarinyar ya karɓe su da mutunci, sannan ya ce, “An ce yaron jinin Zandam ne. Zandam ga ta nan kusa da mu, ina dangin uban nasa?” Ya ce ba zai ba da 'yarsa inda ba a san tushe ba, kuma akwai wani mai nema. Nasiru ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakina, ya ce, “Gwaggo, mu ba mu da kowa ne?”

Ni da ko kasuwar garinmu sai in shekara ban shiga ba, na ɗauki mayafi. Na sayi goro, na sa Nasiru a gaba, muka hau motar Gwaram, daga can acaɓa ya ƙarasa da mu Zandam. Duk hanya tunani ɗaya nake yi. Idan Baffa ya juya mana baya, auren ya tafi, kuma yaron nan ya ji da kunnensa cewa ba a son sa.

Muka same shi a zaure kan buzu, ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Na durƙusa na ce, “Baffa, barkanku da gida.” Ya ce, “Muryar Asabe nake ji, ko kunnena ne?” Na ce ni ce. Na tura goron gabansa, na fara jero ban haƙurin da na haddace a mota, ya ɗaga mini hannu.

“Wane ne wannan dogon da ya tare mini haske?”

“Nasiru ne, Baffa. Ɗan Sale.”

Ya ɗago kai wajen yaron. Sannan ya ce, “Matso in gan ka. Kai ne ka cinye mini rago ko godiya babu?”

Nasiru ya dube ni. Na ƙifta masa ido, don na gane Baffa ya buɗe ƙofar wasan kaka da jika. Yaron ya ce, “Ai ragon ƙashi ne zalla, tsoho. An ce da ƙyar ya kai wuƙa.”

Baffa ya yi dariya har da tari. “Ji ɗan banza! Bakin ubansa sak. Me ya kawo ka, ko abincin birni ne ya ƙare?”

Na faɗa masa zancen Gwaram. Ya ce, “Wace yarinya ce za ta kalli wannan sandar rake alhali ga ni? Zan je, amma ka sani ni zan ƙwace ta.” Daga nan ya juyo wajena, murya ta sauka. Ya ce shekara da shekaru yana jiran a aiko masa da yaro ko ɗaya, don shi babba ne, ƙafarsa ba za ta fara takawa ba. Da Sale ya rasu ya ji kunyar shiga gidan da ya ƙi shiga mai shi na da rai. Ya ce, “Shayin ma ai yanzu ina sha, Asabe. Sukarin ne kawai likita ya hana.”

Baffa da kansa ya jagoranci mutum huɗu zuwa Gwaram. Shi ya karɓar wa Nasiru aure, kuma aka ce da liman ya tambayi wane ne wakilin ango, ya ce, “Ni ne, ɗan Salena ne.” Bayan an watse ya sa aka kawo shi Birnin Kudu, aka riƙe masa hannu har bakin kabarin Sale. Nasiru ya ce Baffa ya daɗe a tsaye yana addu'a.

Idan na auna abin da ya rage na yayana, teburin yana hannun wani, rediyon ta lalace, labaran Sin da Indiya kuwa ni kaɗai nake maimaita su ga kaji da jikokin maƙwabta. Ya yi gaskiya cewa abin sha yana juya al'umma, don namu gidan, kofi ɗaya ne ya juya shi. Abin da ya fi damunsa a gadon asibiti kuwa, Allah ya warware. Sallar da ta wuce Hafsatu ta tafi Zandam wai kwana biyu, sai da ta yi sati uku muna aike tana cewa gobe. Ta dawo da buhun gyaɗa da sunayen 'yan uwa fal baki, tana gyara mini wanda ya auri wa.

Allah ya jiƙan Sale, ya sanyaya makwancinsa, ya ƙara wa Baffa lafiya. Yaranka sun san nasu, Yaya.