Karkataccen Layin Asiya Mai Cuku

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara shida. Sunanta Asiya, amma a kasuwar Tsanyawa in ba ka ce Asiya Mai Cuku ba, babu mai nuna maka ita. Karatuna bai yi nisa ba, abin da na gani da idona shi zan rubuta.

Mu manoma ne, ba mu gaji cuku ba. A shekarar babban fari, lokacin da mutanen arewa suka riƙa gangarowa ba raƙumi ba akuya, wata Buzuwa ta sauka a ɗakin innarmu, ta yi wata bakwai. Ba ta da abin da za ta saka mana da shi, sai ta koya wa Asiya sana'arta: yadda ake sa wa madara abin da zai kama ta, a tace ruwan, a shimfiɗa a kan ɗan ƙaramin asabari, a ninke gefuna, a shanya. Da za ta tafi ta bar mata asabarin. Akwai tsinke ɗaya a cikinsa da ya lanƙwashe, saboda haka duk cukun da aka yi a kansa yakan fito da layi ɗaya karkatacce a tsakiyar miƙaƙƙu. Wancan asabarin ya daɗe da mutuwa, amma duk sanda Yaya ta saƙa sabo sai ta lanƙwasa tsinke ɗaya da gangan. Shekara hamsin haka. Mai saye ba ya tambaya, juya cukun kawai yake yi, in ya ga layin ya biya.

Ta yi aure a ƙauyenmu, ta haifi biyar, mijin ya rasu ya bar mata gona ɗaya. Ba ta taɓa mallakar saniya ba. A wajenmu gona na jikin gona, babu inda shanu za su tsaya. Abin da take yi shi ne, in an yi girbi ba ta kwashe karan dawa da harawa, sai ta bar wa wasu Fulani daga wajen Shanono su sauke shanunsu a gonar. Su ci, su bar mata taki, kullum da safe kuma a aiko mata da ƙwaryar madara mai ɗumi.

Sai shekarun nan masu wuya suka zo. Mai ya tashi, kuɗin mota ya ninka, aka rufe iyaka cukun arewa ya daina shigowa. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Harawa ta yi daraja, kowa ya ɗaure tasa ya sayar. Ni ma na ce mata ta sayar ta sayi hatsi. Ta ce in je in kula da gonata.

A lokacin ne wani mai shago da ake kira Ja'afaru, mai sarin kaya daga Kano, ya zo har gida. Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, ya ce cukunta ya fi ƙarfin talaka yanzu. In za ta riƙa haɗa madarar da garin rogo, ƙwarya ɗaya za ta ba da na uku, shi kuma ya saye duka. Ta bar shi ya gama, ta tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa, ta ce ya gaishe ta. Iyakar amsar ke nan.

Ba a yi wata biyu ba sai ga cuku a shagonsa, fari tas, faffaɗa, a rabin kuɗin nata. Kowanne kuma da karkataccen layi a tsakiya.

Na gaya mata, ta ci gaba da aikinta. Abin bai dame ta ba sai ranar da Malam Khalilu, mai koyar da yara a ƙauyen gaba da mu, ya yi sallama. Mahaifiyarsa ta daɗe kwance, ba ta iya cin komai sai cuku da aka daka a kunu. Ya ga layin a shago ya saya, ya ɗauka Yaya ce ke kai wa Ja'afaru. Tsohuwar ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin, ta ce ashe yunwa ta kai har Asiya ta fara ha'inci. Malamin bai zo da faɗa ba, kansa a ƙasa ya faɗa. Yaya ta ce ya tafi, ta ji.

Ranar ba ta ci tuwo ba. Washegari na leƙa na same ta tana saƙa sabon asabari, ƙarami, bai kai rabin na da ba. Na lura tsinkayen duk a miƙe suke. Na ce, "Yaya, kin manta na tsakiyar." Ta ce ba ta manta komai ba tun da aka haife ni.

Ran kasuwa muka shiga mota tare. Ba ta je inda ta saba zama ba, sai ta shimfiɗa buhunta kusa da mai shayin da ke fuskantar shagon Ja'afaru. Ta aike ni in sayo mata cukunsa ɗaya. Ta roƙi mai shayi ruwan zafi a kofin gilashi biyu, ta gutsura nasa ta jefa a ɗaya, ta gutsura nata ta jefa a ɗayan, ta naɗe hannu. Masu shan shayi suka matso. Nata ya yi laushi, mai ya taso a saman ruwan. Nasa ya narke, ruwan ya yi kauri yana yauƙi kamar koko. Wani direba ya ce a sa masa sukari ya karya kumallo da shi. Aka yi dariya, mutane suka ƙaru.

Ja'afaru ya fito. Bai musa ba. Ya ce, "Inna, ni ban ce naki ba ne. Layi kuwa kowa zai iya lanƙwasa tsinke. Mutane yunwa suke ji, wa ke da kuɗin naki?"

Ta ce, "Gaskiyarka, ɗana. Rogo abinci ne, ni ma ina ci. Ka sayar da shi da sunansa."

Ya ce kasuwa ba ta san wannan ba.

Sai ta miƙe, da ƙyar saboda gwiwa, ta ciro tsohon asabarin da ta saba aiki da shi daga cikin zaninta. Ta zare lanƙwasasshen tsinken a gaban kowa, ta ajiye masa a kan teburin shago.

"Ga shi, na bar maka. Jama'a ku shaida: daga yau duk cukun da kuka gani da karkataccen layi, ba nawa ba ne."

Na ga fuskar Ja'afaru ta sauya. Yana da kwali uku cike a shago, kowanne da layin.

Ta koma ta buɗe ƙwaryarta. Sababbin ƙanana ne, kamar tafin hannun yaro, a kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya. Wata mata ta ce sun yi ƙanƙanta. Yaya ta ce madarar da Allah Ya ba ta ke nan, mai son babba ga shago can, mai shakka kuma ga ruwan zafi. Kafin la'asar ƙwaryar ta ƙare, sai guda ɗaya da ta ɓoye.

A hanyar komawa ta sa aka sauke mu a ƙauyen Malam Khalilu. Ita da kanta ta daka wanda ta ɓoye a kunu, ta miƙa wa tsohuwar. Ina tsaye a bakin ƙofa. Tsohuwar ta kurɓa, ta dakata, ta sake kurɓa, ta shanye. Ta ce Asiya ta yafe mata. Yaya ta ce babu laifi, harshenta ne ya faɗi gaskiya.

Ba zan ce ta yi arziki ba. Ja'afaru ya sauya asabarin masu yi masa, har gobe ya fi ta ciniki, don yunwa ba ta tafi ba. Ita kuwa tana nan kusa da mai shayi duk ran kasuwa, da kofi ɗaya a gabanta, harawarta kuma tana gona tana jiran shanu.

Kwanaki na ce mata tunda Ja'afaru ya daina sa layin, ta mai da shi, ai shekara hamsin ba wasa ba ce, kuma na Buzuwar nan ne. Ta kalli asabarin. Ta ce Buzuwa cuku ta koya mata, ba layi ba. Abin da ta bayar a gaban jama'a kuwa ba ta karɓa.