Makabartarmu Ta Koma Ƙasar Faransi

Wautar da na yi ƙarama ce, kuma bakina ne ya yi ta kafin hankalina ya iso. Ni mai kwaikwayon murya ne. Duk wanda ya yi magana a gabana sau ɗaya, muryarsa ta zama tawa, kuma ba na mayarwa. A ƙauyenmu, da ke arewa da Illela kaɗan, babu wanda ban iya ba, har jakin liman. Wata rana da tsakar rana ina dawowa daga gona, na biyo ta bayan dangar kakata, uwar babana, sai na kwaɗa mata sallama da muryar mai haƙar rijiyar garinmu, kamar yadda na saba yi don ta zage ni. Sai da sallamar ta fita na tuna cewa mun binne shi, ko sadakar bakwai ba a yi ba.

Kaka ba ta zage ni ba. Ta amsa a hankali, sannan na ji tana warware tabarma.

"Shigo, sarkin rijiya," in ji ta. "Na san wurin ga da sunka kai ka ba shi zamnuwa."

 Da ƙyar na zagaya na leƙa. Idanunta sun daɗe da yin yana, inuwa kawai take gani.

"Ni ne, uwargida," na ce, don haka nake kiranta a wasanmu na kaka da jika.

"Na sani, miji na banza. Warin ƙafarka ya riga ka shigowa. Zamna, ka ƙara yi."

Na zauna. Amma tabarmar da ta shimfiɗa sabuwar ce, ta baƙi, wadda ba ta taɓa barin na taka ba.

Wurin da take nufi sabuwar makabarta ce, kuma sai na koma baya kaɗan kafin a gane dalilinta. Shekarun baya Turawa iri biyu suka zo mana a kan dawakai, da tafinta, da masu ɗaukar kaya masu yawan da suka shanye rijiyarmu har da kwaɗin da ke cikinta. Suka yi ta leƙe ta cikin wani ƙarfe mai ƙafa uku, sannan suka kafa turken ƙarfe a bayan gonar babana, suka tara masa duwatsu. Tafinta ya ce daga turken nan zuwa arewa ƙasar Faransi ce, zuwa kudu ta Ingilishi. Muka ce to. Awakinmu ba su ji bayanin ba, suka ci gaba da kiwo a wata ƙasa suna kwana a wata. Sai da baƙin suka tafi wani ya lura cewa makabartarmu tana arewa da turken. Wato mu rayu a hannun Ingilishi, mu mutu mu koma Faransi. Ni na fara faɗin haka a dandali, aka yi dariya, liman ya jefe ni da takalmi.

Da fari ba abin da ya sauya, gawa tana wuce turken kamar yadda take wuce kowane kututture. Bara ne labari ya zo daga wajen Ƙonni cewa ana tare maza a hanya, a ɗora musu kaya zuwa cikin hamada, wasu ba sa dawowa. Ba mu ga an kama kowa ba, amma dattawa suka taru, liman ya ce ƙasa duk ta Allah ce, a buɗe sabuwar makabarta a kan fako, gabas da gari.

Wadda aka yi wa rakiya ta ƙarshe zuwa tsohuwar ita ce mai daddawa, ƙawar Kaka tun suna 'yan mata. Matar nan warin kayanta yakan iso gari yau, ita ta iso gobe. Kasuwar Illela da ta Ƙonni duk a ƙasa take cin su, har kaushin ƙafarta ya yi zurfin da ɗan tsako zai ɓuya a ciki shaho ya gaji ya tafi. Tallarta ɗaya ce: "A sayi daddawa, ko a sha miyar marayu." Ba ta bar ɗa ko jika ba. Sai bayan ta rasu, da miyar wasu gidaje ta koma ruwa da gishiri, aka gane cewa duk gidan da rumbunsu ya ƙare takan saƙale musu curi ɗaya a danga ta wuce, ba ta ce komai ba.

Mai haƙar rijiya shi ya buɗe sabuwar. Mutum ne da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa har idan ya fito sai ya yi wa rana sallama kamar baƙuwa. Muryarsa daga can ƙasa take tasowa, kalma ɗaya ta iso, a jira 'yar'uwarta. Kafin ya sa dagi a wuri yakan ɗebi ƙasar ya ɗanɗana. Ranar da aka zaɓi fakon nan ya ɗanɗana ya tofar, ya ce ko shi da aka haifa da dagi ba ya haƙa nan. Ba shi ya haƙa ba kuwa. Samari suka yini suna sara, ƙasar tana mayar musu da ƙarfen, har aka yi la'asar gawarsa tana jira a inuwa.

Bayansa sai wanzami. Shi ya yi mini askin suna, kuma bai taɓa ganina bai tuna mini cewa na yi masa fitsari a cinya ba. Surutunsa ya kai in ya aske gefe ɗaya na kanka, kafin ya gama ɗayan na farkon ya tsiro. Da hannunsa ya fara rawa mutane suka riƙa gudunsa, amma tsofaffi ba su bar shi ba. Sukan miƙa kai su rufe ido, su tashi da ɗan jini a bayan kunne, su ce aski ya yi kyau.

Tun ranar sallamar nan, kullum rana ta take sai Kaka ta aika a kira ni, ta ce in kawo mata mutanenta. In yi mai rijiya, ta tambaye shi ko akwai sanyi can. In yi wanzami, ta ce ya yi mata shiru. Ina ƙara gishiri don ta yi dariya, tana kuwa yi. Amma in na yi tallar daddawa ba ta dariya. Takan juya fuskarta arewa, wajen itacen gawon da ke tsohuwar makabarta, ta ce, "Ki aje min wuri kusa ga gawon, ina nan tahe." Ni kuma sai in ji maƙogwarona ya yi sanyi, kamar wani ya ara bai dawo da shi daidai ba.

Wata rana ta yi maganar a gaban babana. Ina gefe ina gyaran ƙotar fartanya.

"In na mutu, can za ka kai ni."

"Inna, ki bar maganar ga."

"Ubanka na can. Yayyenka na can, waɗanda ba ka iske ba. Ni ɗai za ka kai cikin fako in kwanta kusa ga wanzami? Mutumin ga ko a duniya bai bar ni na yi barcin rana ba."

Baba ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a rabi.

"Ba ni ɗai ka ɗaukar ki ba, Inna. In anka kame mutane a hanya, mi zan ce ma matansu?"

 Kaka ta lalubo goronta ta riƙe, ba ta ci ba. Baba ya ce Allah shi ba ta lafiya, ya fita.

Na yi ta juya abin a raina har na kai ga wata dabara da na ɗauka ba a taɓa yin irinta ba tun da aka halicci dabara. Tafinta ya ce ƙasar Faransi daga turken ta fara. To, in turken ya matsa, ai ƙasar ta matsa.

Na jira ranar kasuwar Illela, da maza suka watse. Na je gidan mai rijiya na roƙi daginsa. Matarsa tana takaba, ta miƙo mini shi ta saman danga ba ta tambaye ni komai ba. Na kwance jakin babana muka nufi bayan gona.

Na gaya wa abokaina cewa da hannu ɗaya na tumɓuke turken, sojan Faransi suna kallo daga nesa suna rawar jiki. Gaskiyar ita ce tun hantsi nake kwashe duwatsu, tafin hannuna ya sale, kuma da turken ya faɗi sai da ya kusa tafiya da babban yatsana. Jakin ya dube shi ya dube ni ya ƙi. Sai na ɗaura igiya, ni da shi muka ja, ban san wane ne jakin wani ba.

Hanyar ta bi ta gefen tsohuwar makabartar. Ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Ƙayar da ake ɗorawa kan kushewa don kura ta bushe ta zube, fasassun tukwane sun leƙo daga ƙasa, sawun awaki ko'ina. Ba iska, ba tsuntsu. Ƙarar turken da nake ja ita kaɗai ce a duniya, sai na ji kunyarta, kamar na shiga ɗakin masu barci da ganga. Na tsaya na yi musu sallama. Da muryata na yi, amma ban gane ta ba. Kushewar mai daddawa ce kaɗai ba ta kwanta ba tukuna, kuma kusa da ita, wajen gindin gawon, akwai fili daidai tsawon mutum, ba ciyawa a kai. Ban sake duban wajen ba. Na wuce arewa da gawon na haƙa rami, na kafa turken a karkace, na tara masa 'yan duwatsu, na hau jaki. Bai taɓa gudu irin na ranar ba, kuma ban taɓa shi da sanda ba.

"Uwargida, na kawo miki sadaki," na ce wa Kaka. "Makabarta ta dawo ƙasarmu."

Da na ba ta labari ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Kai da jaki guda kunka ci ƙasar Faransi?"

"Jakin bai yi komai ba."

"To Allah shi yi ma jakin albarka." Ta nemi fura ta sha, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

Na zaci za a yi mini dukan da za a riƙa ba da labarinsa. Ba a yi ba. Da maza suka dawo suka ji, sai suka tafi kallo. Wani dattijo ya zagaya turken ya ce ai kuwa yaron ga ya yi tunani. Mai gari ya shafa gemu ya ce a bar shi a gani. Liman kuwa wannan karon bai cire takalmi ba. Washegari na hangi babana ya shiga makabartar da gatari, ya saro sabuwar ƙaya ya rufe kushewar ubansa. Ya daɗe a tsugune a can.

Ba a yi wata ba sai ga mahaya daga arewa, sojoji da tafinta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba su nemi turken ba. Kai tsaye suka nufi tsohon ramin a bayan gonarmu, suka tsaya a kansa, kamar ƙasar ce ta kira su. Ashe iyakar ba a cikin ƙarfen take ba, tana can wani wuri da ba mu da hannun taɓawa. Suka sa mazan gari suka ɗauko turken a ka, suka mayar, suka tara masa duwatsu har ƙirji. Tafinta ya ce wa mai gari daga yau duk taron da ya ƙetare, ko da gawa ko ba gawa, shi za a tambaya. Tun daga ranar muka riƙa ganin mahayi yana zagayawa ta wajen gawon. Kafin in taɓa turken, ba wanda ya taɓa tsaron wurin.

Babana bai dake ni ba, na so a ce ya yi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kada ka gaya mata." Ya bi gida gida ya roƙi mata su ma su kame bakinsu.

Da ruwan farko ya sauka Kaka ta kwanta. Jikinta ya ƙare har tabarma ta fi ta nauyi. Ranar da ta yi magana ta ƙarshe da ni, ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe.

"Maigida, turken na nan inda ka kai shi?"

"Shina nan."

"Ba su ɗauke ba?"

"Wa ya isa? Suna tsoron jakin."

Ta yi murmushi, ta sake ni, ta ce in je in ci abinci.

Ta rasu da safe. Liman da mai gari suka zo suka tsaya da babana a ƙofar gida, ba su daɗe suna magana ba. Aka ɗauke ta aka yi gabas. Ruwa ya jiƙa fakon, haƙar ba ta yi wuya ba, kafin azahar an gama. An binne ta a sabuwar makabarta, kusa da wanzami.