Kifin Baba ya tafi wurin mai kujera

Ni nas ce a asibiti. Ina fitowa daga cire wa wata tsohuwa ƙarin ruwa, sai ga mijinta, dattijo masunci daga Kirikasamma, rungume da kwalin bandar kifi na godiya. Ni na yi jinyarta tun da aka kawo ta Haɗeja, don haka har na fara goge hannu.

Bawan Allah ya wuce ni, ya dire kwalin a gaban Talatu, sakatariyar ɗakinmu mai amsa waya da kiran suna.

Talatu ta ce, "Baba, ai ga nas ɗin da ta yi aikin."

Ya ce, "'Yar nan, na san asibiti. Babba ke zama ƙarƙashin fanka, yara ke zirga-zirga. Amma ki sam wa yarinyar taki kawunan, tana da ƙoƙari."

Kawuna fa, jama'a!

Kifin dai tare muka ci, don duk ranar da Talatu ba ta zo ba, ɗakin nan kasuwa yake komawa. Amma tun ranar, cikin tsokana, "yarinyata" take ce mini.

Ku ba ni shawara: in nemi canjin aiki, ko in sayo kujera?