Tukunyar da Aka Wanke a Sri Petaling

Daga Kano

Ana kiran assalatu direba ya sa akwatina a mota. Abin da na fara sawa a cikinsa, tun kafin atamfofi da yaji da kilishin tsaraba, shi ne baƙar rigata ta kotu da hular gashin nan ta lauyoyi. Hular ta tsufa, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, kuma ban taɓa bari ruwa ya taɓa ta ba. A wurinmu tsufan hula shi ke gaya wa alƙali cewa mai ita ba jiya ta fara ba.

Sama da shekara ashirin ke nan ina shari'a da kamfanonin da kayansu suka raunata mutane: tukunyar gas, hita, maganin jabu. Sai ga shi abin ya faɗo gidanmu. Ƙanwata Ummi tana Malesiya tare da mijinta Nura, wanda ke karatun digiri na uku. Tukunyar firesha, wato mai rufe tururi ɗin nan, ta fashe mata tana dafa ƙafar sa, ta ƙone mata hannun dama. Ciwon ya warke amma yatsun sun ƙandare, likita ya ce sai an yi aiki. Kamfanin ya ce laifinta ne, wai ta bar hudar tururi ta toshe. Tun ranar da abin ya faru na ce mata a waya, "Kada kowa ya taɓa tukunyar nan sai na zo."

Mun yada zango a wata ƙasar Larabawa, na sha shayi mai tsadar banza, na kumbura ƙafa a jirgi na biyu har muka sauka.

Sri Petaling

Nura ya tarye ni. A hanya direban tasi, wani dattijo ɗan ƙasar, ya waiwayo ya ce, "Sudah makan?" Nura ya ce tambaya yake ko na ci abinci, haka suke gaisuwa. Na ce lallai mutanen nan sun san abin da ya dame ni.

Gidansu yana unguwar Sri Petaling, a hawa na sama a wani dogon bene, ƙasansa duk shaguna ne da wuraren cin abinci. Ummi ta buɗe ƙofa da hannun hagu, na daman yana cikin hijabi. Na ja shi na duba. Ni na yi wa yarinyar nan kitso tun tana firamare bayan rasuwar Inna, sai na ji zuciyata ta karye.

"Yaya, ki zauna ki huta mana."

"Ina tukunyar?"

Ta kalli Nura, Nura ya kalli silin. Ya shiga kicin ya fito da ita. Wallahi ina ganin fuskata a jikinta. An goge ta da soson ƙarfe ciki da waje, murfin ma har da shi.

Ashe ranar da aka kwantar da Ummi a asibiti maƙwabciyarta Maman Abdul, 'yar Zariya, matar wani malamin jami'a, ta karɓi makulli ta yi abin da kowace maƙwabciya za ta yi a gida: ta share, ta goge bango, ta wanke duk wani kwano. Kafin wayata ta iso an gama. Tsoron faɗana ya hana su gaya mini.

Ana cikin haka sai ga ta da kular tuwo ta kawo wa baƙuwa. Ban bari ta gama sannu da zuwa ba.

"Baiwar Allah, wa ya aike ki? Kin san shaida kika wanke?"

Ta ajiye kular a hankali. "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya. Gani na yi bai dace mai jinya ta dawo ta tarar da ƙazanta ba." Ta juya ta fita. Tuwon ya yi daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Wajen lauya na farko

Washegari wani ɗan Najeriya mai yi wa ɗalibai hidimar takardu ya haɗa mu da lauyansa. Ofis ne mai sanyi, bango cike da takardun shaida a gilashi, har da hotonsa da manyan mutane. Na yi masa tambayar da nake yi wa duk yaron da ya zo neman aiki wurina: yaushe rabonka da tsayuwa gaban alƙali ka yi wa injiniyan kamfani tambayoyi? Ya yi murmushi ya ce yawanci aikinsa na cinikin gidaje ne, amma "boleh, boleh", wato zai yiwu. Mutumin kirki ne, kuma shi ya tabbatar mini abin da na sani nake ƙin yarda: takarduna na Najeriya ba za su ba ni damar buɗe baki a kotunsu ba. Ya ƙara da cewa su sun daɗe da daina sa hular gashi. Nura ya danne dariya, don ya ga abin da ke akwatina.

Jalan Tuanku Abdul Rahman

Wata tsohuwar abokiyar karatuna ta turo mini sunan wata lauya, Puan Salmah. Puan ɗin kamar a ce Hajiya ne. Muka hau jirgin ƙasan cikin gari ni da Ummi, tukunya a jakar leda, muka sauka muka taka cikin shagunan yadi. Ofishinta yana saman wani shagon labule, matakalar sai mutum ɗaya.

Gajeriya ce mai gilashi, ta kusa sittin. Na fara yi mata tambayoyi kamar mai neman miji wa ƙanwa. Ta amsa ba tare da jin haushi ba. A nan ta yi digiri, ta yi wata tara tana koyon aiki ƙarƙashin wani babban lauya kamar yadda dokarsu ta ce, sannan aka rantsar da ita. Shekarunta na farko duk kamfanoni take karewa. Ta ce, "Na san abin da za su faɗa, don ni nake rubuta musu a da." Daga baya ta koma ɓangaren waɗanda aka raunata. Na tambaye ta ko ta taɓa faɗuwa a shari'a. Ta ce sau da yawa, ta ba ni labarin guda biyu da inda ta yi kuskure a kowacce. A nan hankalina ya fara kwanciya da ita.

Ta sa safar hannu ta juya tukunyar. "Wa ya wanke?"

Na ba ta labari, har da ƙarin gishiri.

"Wankin ya yi mana illa, ba zan ɓoye miki ba," in ji ta. "Amma wadda ta wanke ita ce mutum na farko da ya riƙe murfin nan bayan fashewar. Me ta gani? In za ta faɗa a gaban alƙali, na karɓa. In ba za ta zo ba, ba zan yaudari ƙanwarki ba."

Ummi ta ce a hankali, "Yaya, mu bar shi kawai. Ƙaddara ce."

Na ce, "Ƙaddara ce, ban musa ba. Amma hannun naki ne, kuma za a gyara shi in sha Allah."

Masjid India

Maman Abdul ta daina shigowa gidan. Ummi ta ce ranar Asabar takan je kasuwar unguwar Masjid India sayen hijabai da take aikawa gida. Can na same ta tana ciniki da Malayancinta mai ƙamshin Zazzaganci. Na yi sallama, na karɓi ledarta ɗaya na riƙe.

"Maman Abdul, na yi miki rashin kunya a kan alheri. Ki yafe mini."

"Haba Hajiya, ya wuce. Zafin 'yar'uwa ne."

Muka zauna a wani mamak, irin shagon abincin Indiyawa Musulmi, ta yi mana odar shayin madara mai kumfa. Na ce ta gaya mini yadda ta wanke murfin, kada ta ƙara kada ta rage. Ta ce ta ɗaga shi ta leƙa hudar tururin a hasken taga, kamar yadda take yi wa tata, ta gan ta a buɗe. Wani ɗan harshen ƙarfe ne ya karye a gefen murfin, ta tsince shi ƙarƙashin firij tana shara.

"Kin zubar?"

"Ina ni ina zubar da kayan mutane? Yana cikin gwangwanin maɓallan Ummi."

Da na ambaci kotu sai fuskarta ta canza. Baƙi ne su a ƙasar, tana tsoron abin da zai taɓa takardun zaman mijinta. Ban ce mata kada ta damu ba, don ba dokar ƙasata ba ce. Na kai ta ita da maigidanta wurin Puan Salmah, muka tafi da Ummi, Puan ta yi musu bayani dalla-dalla. Maman Abdul ta ce, "Ni na ɗaga Ummi daga ƙasa ranar. Zan zo." Puan Salmah ta miƙa wa Ummi takardar ɗaukar lauya, ta sa hannu da hagu.

Komawa gida

Barin Ummi a hannun wata lauya ya yi mini wuya, ban saba tsayawa a baya ba in maganarta ce. Puan Salmah ta ce, "Ki tafi kawai, zan riƙa kiranki." Shari'ar tana gaba, Allah kaɗai ya san ƙarshenta.

Na sauka Kano lafiya. Ina godiya ga Allah, da Nura, da Puan Salmah, da Maman Abdul wadda ta cika mini jaka da hijabai. Ranar Litinin ina shirin kotu na buɗe akwati, sai ga hulata fara tas, tana ƙamshin sabulu, kamar ta yarinyar da aka rantsar jiya. Na kira Ummi raina a ɓace.

"Ki gaya wa Maman Abdul..."

"Ba ita ba ce, Yaya, ni ce. Na tambayi Puan, ta ce wannan ba shaida ba ce." Tana dariya. "Da hannun daman na cuɗa ta. Ya yi zafi, amma ya riƙe."

Na zauna a bakin gado da hular a cinyata har direba ya yi hon. Na sa ta haka na shiga kotu. Wani ƙaramin lauya ya matsa mini a benci ya ce, "Sannu, sabuwar shiga ce?"

Na ce masa eh.